Taurin Ƙarfe Da Dabarar Lanƙwasa Bututun Mai Na Motocin Dauri

Yau za mu duƙa ne mu leƙa ƙarƙashin mota, domin mu yi magana a kan wani abu wanda direba yakan yi shekara goma yana tuƙi bai taɓa ɗora ido a kansa ba, watau siririn bututun ƙarfen nan da ke ɗauko fetur daga tanki ya kai shi bakin kafireto. Kaurinsa bai wuce na alƙalami ba, kuɗinsa kuma bai kai na taya guda ba, amma idan ya tsage kusa da salansa mai zafi, to, motar da mutum ya yi shekaru yana tattalinta tana iya zama toka kafin a ɗebo ruwa bokiti biyu. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Maganar ta fi shafar motocin dauri, irin waɗanda kamfanonin da suka ƙera su suka daina yi musu kayan gyara tun tuni. Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, watau FIVA, wadda aka kafa cikin 1966, tana lissafa mota cikin motocin tarihi idan ta cika shekara 30 da ƙerawa, aka kuma kiyaye ta a kan kamanninta na asali. A Amurka akwai ƙungiya irin wannan tun 1935, ita kuwa shekara 25 ta yanka. A Ingila kuma, cikin watan Nuwamba, akan yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton na motocin da aka ƙera kafin 1905. Mai irin waɗannan motoci, ran da bututun mansa ya ruɓe, in ba motarsa tana cikin 'yan ƙalilan da ake yi wa kayan kwaikwayo ba, sai dai ya sayo naɗaɗɗen bututu, ya auna, ya yanka, ya lanƙwasa da hannu. A nan ne sanin taurin ƙarfe ke raba gwani da ɗan koyo.

YADDA MAI KE TAFIYA A MOTOCIN FARKO

Motar Ford da ake kira Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, har aka yi fiye da miliyan 15, ba ta da famfon mai ko kaɗan. A yawancin shekarunta tankin yana ƙarƙashin kujerar direba ne, fetur kuma gangarowa yake yi da nauyin kansa, kamar ruwan sama a indararo. Saboda haka idan mai ya yi ƙasa a tanki aka kuma tarar da tudu mai tsauri, sai kafireto ya ɗara man tsayi, injin ya mutu. Dabarar direbobin wancan zamani ita ce su juya motar su hau tudun da baya.

Model A da ta gaje ta, daga ƙarshen 1927 zuwa 1931, an yi ta fiye da miliyan 4. Ita kuwa an ɗaga tankinta sama, tsakanin injin da gaban direba. Daga tankin akwai makunnin mai, sa'an nan ɗan gajeren bututu zuwa wani ƙoƙo inda ruwa da datti ke kwanciya, daga nan kuma wani bututun ya gangara zuwa kafireto. Sai cikin 1932 ne Ford ya mai da tanki baya, ya sa famfon da injin ke juyawa.

Abin lura a nan shi ne ƙarancin ƙarfin da ke tura man. Kowace ƙafa ɗaya ta tsayin tanki bisa kafireto tana ba da kusan sulusin fam ɗaya ne kawai a kan inci murabba'i. Famfon motoci masu kafireto bai cika wuce fam 7 ba, alhali kuwa bututun birki yakan ɗauki fiye da fam 1,000 idan an taka da ƙarfi. Ke nan matsin mai ba ya fasa bututun ƙarfe. Abokan gabarsa uku ne: jijjigar injin, da tsatsa, da mugun lanƙwasa. A mota irin Model A kuwa, 'yar maƙurewa guda a wata kusurwa ta isa ta sa injin ya riƙa shaƙewa duk sa'ad da aka ba shi wuta.

BUTUTUN BUNDY

Cikin 1922 wani mutum mai suna Harry Bundy ya kafa ɗan kamfani a birnin Detroit, ya sami aikin yi wa Model T bututun mai. Dabararsa ita ce ya ɗauki siririn fallen ƙarfe ya naɗe shi sau biyu, kamar yadda ake naɗe tabarma, ya zama bututu mai bango biyu. Daga baya aka inganta aikin: akan shafe fallen da jan ƙarfe tukuna, a naɗe, sa'an nan a bi da shi cikin zafin da ya haura digiri 1,085 a ma'aunin Selsiyos, inda jan ƙarfe ke narkewa. Narkakken jan ƙarfen sai ya like ninkin biyu su zama abu guda. Daga ƙarshe a shafe bayansa da tutiya, ko da garwayen dalma da kuza irin na da, domin maganin tsatsa.

Wannan bututu ya sami karɓuwa ne saboda dalilai biyu. Na ɗaya, ba shi da ɗinki guda da ya ratsa bango daga ciki zuwa waje, saboda haka jijjiga ba ta samun wurin da za ta fara tsaga shi cikin sauƙi. Na biyu, zafin nan da ya like shi ya kuma tausasa ƙarfen, sai ya fito da laushin da ake iya lanƙwasawa. Tun daga shekarun 1930 motocin Amurka suka ɗauke shi har don birki, kuma har yau sunan Bundy ake kiran irinsa da shi. Kaurin da aka saba gani su ne inci 3/16 don birki, sai inci 1/4 da 5/16 da 3/8 don mai, watau kusan milimita 6 da 8 da 9 da rabi. Kaurin bangon kuwa yawanci wajen milimita 0.7 ne.

MENE NE TAURI?

Maƙeranmu sun riga masana sanin cewa ƙarfe suna ya tara. Idan maƙeri zai yi adda ko gatari, tsohon sifirin mota yake nema, domin yana ɗaukar kaifi. Idan kuwa abin da za a tanƙwara ne, sai ya nemi ƙarfe mai laushi. Abin da ya raba su shi ne yawan sinadarin kabon, watau ainihin gawayi, da ke cikinsu. Zarton goge ƙarfe yana da kabon wajen kashi ɗaya cikin ɗari, shi ya sa yake cin sauran ƙarafa, shi ya sa kuma yake da gautsi, ya faɗi ƙasa ya karye. Ƙarfen bututun mai kuwa wajen kashi ɗaya cikin dubu yake da shi. Ana so ya kasance da danƙo, ya miƙe ya bi hannu kafin ya tsage.

Cikin 1900 wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Johan August Brinell, ya fito da hanyar auna tauri: a danna ƙwallon ƙarfe a jikin abin da ake gwadawa da wani nauyi sananne, a auna faɗin ramin da ya bari. Cikin 1919 wasu Amurkawa biyu, Hugh Rockwell da Stanley Rockwell, suka sami rajistar wata na'ura mai auna zurfin ramin maimakon faɗinsa. A ma'aunin Rockwell B, ƙwallo mai kaurin inci 1/16 ake dannawa da nauyin kilo 100. Gwargwadon ƙarancin zurfin ramin, gwargwadon girman lambar da za ta fito.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, wadda aka kafa cikin 1905, ta tsara ƙa'idoji a kan wannan. Lamba J527 ta bututu mai bango biyu ce, J526 ta mai bango ɗaya da aka yi wa walda, J524 kuwa ta marar ɗinki wanda aka tausasa musamman don lanƙwasa. A ƙa'idar J524 ba a yarda taurinsa ya wuce 65 a ma'aunin Rockwell B ba, kuma dole ya iya miƙewa kashi 35 cikin ɗari kafin ya tsinke. Mai karatu ya lura: iyakar da aka sa ta sama ce. A wannan aiki yawan tauri aibu ne.

Bakanike ba shi da na'urar Rockwell a gareji, amma yana da hannu da guduma. Kafin ka biya kuɗin bututu, yanki ɗan tsawon taƙi. Lanƙwasa shi a jikin wani abu mai zagaye, ka ji ko yana bin hannu ko yana turjewa. Daddale bakinsa guda da guduma har ya haɗe, ka dubi gefuna biyu: in ka ga tsaga, ƙarfen ya yi tauri ko ɗinkinsa ba shi da kirki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

ABIN DA LANƘWASA KE YI WA ƘARFE

Kowa ya taɓa karya waya da hannu ya san abin da za mu faɗa. Lanƙwasawar farko da sauƙi take. Ta biyu ta fi wuya, wurin ya yi zafi, ya yi tauri, can sai ya ɓalle. Masana uku ne suka bayyana dalilin haka cikin 1934, kowa a nasa gefen: Geoffrey Taylor na Ingila, da Egon Orowan da Michael Polanyi, 'yan asalin Hungari. Ƙwayoyin ƙarfe a jere suke sahu-sahu, amma akwai kurakurai a cikin jerin. Idan aka lanƙwasa ƙarfe, kurakuran nan ne ke gusawa su ba shi damar canza siffa. Yawan lanƙwasa yana sa su yawaita su sarƙe da juna, kamar cunkoson motoci a mararraba, har a rasa mai motsi. Daga nan ƙarfen ya ƙara tauri, danƙonsa ya ƙare, abin da ya rage masa sai tsagewa.

Ga ɗan lissafi mai amfani. Idan bututu mai kaurin milimita 8 ya zagaya kusurwa, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma ya takure. In tazarar da ke tsakanin cibiyar zagayen da tsakiyar bututun ta kai milimita 24, watau ninki uku na kaurinsa, bayan zai miƙe wajen kashi 17 cikin ɗari. In aka matse zagayen ya koma milimita 12, miƙewar ta zama kashi 33, ta kusa cinye duk danƙon da ƙa'ida ta tanada. Wannan ne asalin shawarar nan da magina bututu ke bayarwa, cewa kada kusurwa ta gaza ninki uku na kaurin bututu. Bututun da aka ja a masana'anta ba a mai da shi wuta an tausasa ba, ya riga ya ci rabon danƙonsa tun kafin ya zo hannunka.

Sai kuma gajiyar ƙarfe. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya nuna tun cikin shekarun 1860 cewa ƙaramin nauyi mai zuwa yana dawowa yana karya ƙarfen da babban nauyi guda bai karya ba. Injin mai silinda huɗu da ke juyi 2,000 a minti yana bugawa sau 4,000 a minti, watau sau 240,000 a awa ɗaya. Kowane bugu yana ɗan girgiza bututun. Wurin da aka lanƙwasa aka miƙar aka sake lanƙwasawa, ko wurin da filaya ta bar tabo, a nan tsaga ke farawa.

YADDA AKE LANƘWASAWA

Da farko a cire wayar batir, a rufe mai, a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. A cire tsohon bututun a hankali ba tare da an murɗe shi ba, domin shi ne abin koyi. In babu shi, a ɗauki waya mai kauri ko sandar walda, a bi da ita hanyar da bututun zai bi, ta zama ma'auni. Naɗaɗɗen bututu kuma a warware shi a kan daɓe mai laushi, a taka bakinsa a mirgina naɗin gaba, kada a ja shi ta gefe.

Bututu kamar lawashin albasa yake: cikinsa fanko ne, in aka tanƙwara shi a wuri guda sai ya lotse ya maƙure. Maganin haka shi ne a tallafi gefunansa sa'ad da ake lanƙwasawa. Mafi kyau ita ce na'urar hannu mai faifai da kwari daidai kaurin bututun. Akwai kuma sifirin da ake zura bututu a ciki a lanƙwasa su tare. In babu ko ɗaya, tsohon fuli mai kwari ya wadatar, a riƙa bin zagayensa da manyan yatsu kaɗan-kaɗan. Wasu sukan cika bututun da busasshen rairayi mai laushi su toshe bakunansa. Dabarar tana aiki, amma sai an hure shi da iska an wanke shi sarai, domin ƙwaya guda ta isa ta toshe idon kafireto.

Ƙarfe yakan ɗan dawo baya idan an sake shi, saboda haka a wuce kusurwar da ake so da ɗan kaɗan. A auna sau biyu, a lanƙwasa sau ɗaya. In kusurwa ta ɓaci ƙwarai, ko bututun ya lotse, a yar da shi a yanko sabo, domin miƙar da shi ba ya mai da danƙon da ya tafi. A bar ɗan miƙaƙƙen wuri a bayan noti kafin kusurwar farko. Idan an gama, bututun ya zauna a mazauninsa da kansa, a ɗaura notinsa da yatsu zagaye biyu ko uku kafin a kawo sifana. Bututun da aka jawo da ƙarfin noti yana zaune ne cikin wahala dare da rana, ba kuwa zai daɗe ba.

Wajen shimfiɗa shi, a nisanta shi da salansa, domin zafi yana tafasa fetur a cikin bututu ya zama tururi, famfo ya kasa ja, mota ta mutu a tsakiyar rana. A kama shi da maƙalai a jikin firam kusa-kusa, kada a bar dogon zango yana reto. Duk inda zai ratsa ramin kwano, a sa zoben roba. A mota marar famfo, ya gangara tun daga sama har ƙasa ba tare da ƙusumbi ba, don kada iska ta sami maɓoya. Inda kamfani ya sa guntun tiyo ko naɗin zobe tsakanin jikin mota da injin, a mai da shi yadda yake, domin shi ke shanye jijjiga.

BAKIN BUTUTU

Yawancin yoyo a baki yake farawa. Na'urar yanka mai faifai, idan aka matse ta da gaggawa, tana taurara bakin bututun daidai wurin da ake son laushi. A riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, sa'an nan a goge bakin da zarto ya daidaita, a kankare ƙayar da ta rage ciki da waje. A zura noti tukuna kafin a buɗa bakin.

Buɗa baki iri-iri ne. Akwai mai falle ɗaya, kamar bakin algaita. A bututun ƙarfe mai ɗinki wannan yakan tsage. Motocin Amurka kalmasa suke so, watau a fara kumbura bakin sa'an nan a ninke shi ciki ya zama leɓe biyu, a kan kusurwar digiri 45, kamar yadda tela ke kalmashe bakin riga don kada ya zare. Akwai na digiri 37 wanda ya fito daga kayan sojan Amurka da jiragen sama, akwai kuma mai kumburin kai wanda motocin Turai da yawa ke amfani da shi a birki. Ba a haɗa wani da wani, ko da noti ya shiga. Ɗigon man inji a bakin na'urar yana sa kalmasa ta fito sumul. Leɓen ne ke tare mai, saboda haka naɗa farin tef a zaren noti ba ya maganin kome.

Wasu tsofaffin motoci ba su da buɗaɗɗen baki, sai ɗan zobe da noti ke matsewa ya ciji bututun. In bututun ya fi zoben tauri ƙwarai, zoben ba zai kama ba, mai zai riƙa tsattsafowa. In kuma aka matse fiye da kima, sai ya shaƙe wuyan bututun. Zoben da aka taɓa matsewa ba a mai da shi kan sabon bututu. Irin wannan haɗi na mai ne kawai, haram ne a kai shi ga birki. Inda kuma tiyo zai hau kan ƙarfe, a ɗan kumbura bakin ƙarfen a ɗaure da maɗauri a bayan kumburin, don kada tiyon ya zame.

A SA WUTA KO KADA A SA?

An ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma gaskiya ne a maƙera. Idan aka gasa baƙin ƙarfe ya yi ja aka bar shi ya huce a hankali cikin toka, ƙwayoyinsa sukan sake jeruwa, laushinsa ya dawo. Jan ƙarfe shi ma haka, sai dai shi ko an tsoma shi a ruwa ba ya taurara. Amma a bututun mai, wuta ɓarnarta ta fi amfaninta. Tana ƙone shafen da ke kare shi daga tsatsa. Hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, tsohon shafe kuma akwai dalma a ciki, wadda guba ce. Bututun Bundy da laushinsa ya zo, ba ya bukatar gashi. Wanda ya gagari hannu, a canza shi. Bututun da fetur ya taɓa bi ta cikinsa kuwa, kada a kusanta shi da harshen wuta ko da ya yi wata a rataye.

JAN ƘARFE DA SAURANSU

Bututun jan ƙarfe na firji da na'urar sanyaya ɗaki yana da araha, yana da sauƙin lanƙwasa, shi ya sa yake ruɗin mutane. Aibinsa shi ne jijjiga tana taurara shi, sai wata rana ya tsage a gindin noti ba sallama. Har wa yau jan ƙarfe yana gaggauta lalacewar fetur ya zama danƙo idan mota ta daɗe a ajiye. Gaskiya ne wasu motocin farkon ƙarni na 20 da shi suka zo, amma da naɗin zobe da maƙalai masu yawa.

Akwai garwayen jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, da ɗan baƙin ƙarfe kaɗan, wanda ake sayarwa da sunan Kunifer. Wannan dabam yake da zallan jan ƙarfe: yana jure jijjiga, yana jure gishiri, yana kuma bin hannu. Kamfanin Volvo ya koma gare shi don birki cikin 1976, saboda gishirin da ake zubawa a hanyoyin ƙasashen ƙanƙara yana cinye baƙin ƙarfe. Ƙarfen nan marar tsatsa, mai kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel, yana da kyan gani da daɗewa, amma yana taurara da wuri ƙwarai, yana ba ƙananan na'urorin hannu wuya, leɓensa kuma ba ya kwanciya cikin sauƙi. Masu kai mota gasar asali sukan tsaya ga baƙin ƙarfe irin na kamfani, domin alƙalai har bututu suke dubawa.

MU A NAN GIDA

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. Cikin 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, aka kuma fara Volkswagen a Ikko. Duk Fijo 404 ko 504 ko Beetle da ta fito cikin shekarun 1970 da 1980 ta haura shekara 30, ta shiga sahun motocin tarihi a ma'aunin FIVA, wasunsu kuwa har yanzu suna ɗaukar iyali da kaya. Beetle abin misali ce: tankinta yana gaba, injin yana baya, bututun ƙarfe ya bi ta cikin ramin tsakiyar mota inda ido ba ya gani. An san ta da gobarar injin idan tiyo ya tsufa, ko zoben robar da bututu ke ratsawa ya faɗi kwano ya yanke shi, ko bakin da ke shiga kafireto ya zare.

A garuruwan bakin teku laima da iskar gishiri ke cin ƙarfe, a Arewa kuma zafi ke busar da roba ta tsattsage. Man zamani shi ma ya canza. Birtaniya ta koma ga fetur mai itanol har kashi 10 cikin watan Satumba 2021, a nan kuma cikin Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol wanda ya lalata motocin jama'a. Irin waɗannan sinadarai suna cin tsohuwar roba, suna kuma jawo ruwa wanda ke sa tsatsa daga ciki.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɗabi'ar nan ta ɗaure galan a cikin mota a jawo tiyon ruwa zuwa kafireto, a ce na wucin gadi ne, sai ya shekara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma in ya kai ƙasa da kashi biyu cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi guda ya ishe shi. Masu shiga irin wannan mota ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ba, hakkinsu kuwa yana wuyan mai mota da bakanikensa.

Saboda haka, mai tsohuwar mota, sau ɗaya a shekara ka sa a ɗaga ta ka bi bututun da ido da yatsa, musamman ƙarƙashin maƙalai inda laka ke taruwa. Bayan kowane gyara a goge mahaɗai su bushe, a ta da injin, a kara farar takarda a ga ko za ta jiƙe. In ka ji warin fetur, tsaya ka bincika. Ka ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da kujerarka, domin ruwa baza wutar fetur yake yi. Kai kuma malam bakanike, ka gaya wa mai mota gaskiyar abin da ka gani, ko da zai yi ƙorafin kuɗi, ka kuma koya wa yaranka gwada ƙarfe kafin su ɗora shi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya.